Duron Gidan Ƙarshe

Laraba, bayan La'asar

Yau ma bai matsa ƙwallon ba. Na shiga ɗakinsa na tarar da shi a ƙarƙashin gado inda ya gangara tun jiya, na ɗauko, na goge da rigata, na ajiye masa kusa da hannun. Bai juyo ba. Yaya Iliyasu, mutumin da in ya yi magana a bakin kanal ake jin sa har ƙarshen layin gonakinmu, yanzu bango yake kallo kamar an ɗauke shi aikin gadinsa.

Matar da ke gashin ƙashi a asibiti ta faɗa mana ranar da aka cire filasta. Ƙashin ya haɗu, saura yatsu. In bai riƙa motsa su ba a 'yan makonnin nan za su sandare a yadda suke, kuma bayan haka ba mai iya miƙar da su. Hannun dama. Ta ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa, ta ce mu dawo ƙarshen wata ta gani. Shi ya ji, ni na ji, matarsa Aziza ta ji. Muka dawo gida ya kwanta.

Ba zan rubuta abin da ya faru a bakin get ɗin kanal, inda ake buɗe wa gonaki ruwa, ba. Kowa a Kura ya sani, har da ƙarin da suka yi masa.

Alhamis, bayan Magariba

Da can a ƙofar gida muke cin tuwo, ni da shi da duk wanda Allah ya kawo. Yanzu Aziza ce ke kai masa ɗaki, ta fito, ta saki labule. Ba ya son a ga yana ci da hagu. Ni na gani ta gefen labulen, yana kai loma yana waige kamar wanda ya sato. Wannan fa shi ne ya taɓa ƙwala min ludayi a ka, ina yaro, don na miƙa masa kofi da hagu.

Baba Jaji ya zo gaishe shi, tsohon da gonarsa ce ta ƙarshe a layinmu. Ya daɗe a zaure. Yaya ya ce in ce yana barci.

Na ce, "Yaya, mutumin nan da ƙafa ya zo."

Ya ce, "Na ce maka ina barci."

Na san dalili. In ya fito sai an yi musabaha. Baba Jaji ya ajiye mangwaro a leda, ya ce, "Ka ce masa albasata ta sha ruwa ranar nan. Haka kawai za ka ce." Ban faɗa masa ba. Albasa ta sha ruwa, sai aka yi yaya?

Juma'a, da safe

Na je ban ruwa ni kaɗai. Na bi ta bayan injin casa. Hanyar ta fi nisa, amma ta fi inuwa.

Asabar, da hantsi

Salisu, wanda nake taya shi zama a shagon caji da tura fina-finai, ya ba ni wata tsohuwar babbar waya mai fasasshen gilashi, tab yake ce mata, wai in kai wa Yaya ya riƙa kallon ƙwallo. Na kai. Ya ce in fitar masa da ita.

To ni na buɗe. Akwai wani wasa a ciki, gem. An zubar da wasu mutane a wani fili, ba gida ba gona, kogi a ƙasa, tudu a sama, kai ne za ka raba musu aiki. Wannan ya sare itace, wannan ya gina, wannan ya yi noma, wannan ya ɗebo ruwa. Kowane gida da duronsa a ƙofa. Kowane mutum da wani shuɗin layi a kansa, in yana raguwa ƙishirwa ce, in ya koma ja sai a ji wata 'yar ƙararrawa, in ba ka yi komai ba ya faɗi.

Duk Turanci ne. Ni da ban gama firamare ba, da allon shaguna da wani ƙamus marar bango na koyi abin da na koya. Na zauna da ƙamus ɗin a cinya ina yi. Salisu ya ce yaran makaranta ma sun kasa. Na ce ai shi ya sa suke yaran makaranta.

Lahadi, bayan Azahar

Ƙwallon yana ƙarƙashin gado.

Litinin, da yamma

Garina ya mutu. Duka. Ƙishirwa, ga kogi suna kallo.

Na nuna wa Salisu yadda na raba aikin, ya yi dariya har da riƙe ciki. Akwai wani tsoho mai farin gemu a cikinsu, na sa masa Dattijo, ban ba shi aikin komai ba sai zama a inuwa. Magidanta na ba su noma da gini. Ɗiban ruwa na ba yara da wata budurwa.

Salisu ya ce, "Me ya sa?"

Na ce, "Kamar yaya me ya sa? Ka taɓa ganin an tura magidanci rafi ga yara a gida?"

Ya ce, "Suhaibu, wanda ya ƙera abin nan bai san girma ba. Yaro guga ɗaya yake ɗauka, kuma a hankali yake tafiya."

Na ce to wanda ya ƙera shi ba shi da tarbiyya. Na sake sabon gari. Na ƙara yara a aikin ruwa. Tsohon dai ba zan ɗora masa jarka ba, ko a gilashi ne.

Talata, bayan La'asar

A ɗakin Yaya ne kawai soket ɗin sola yake aiki, batirin tab ɗin kuma ba ya riƙe caji. Don haka a can nake zama in yi. Gaskiya ce wannan, Aziza ma shaida ce. Na zauna a bakin gado na juya masa baya, ina yi ina zagin mutanena da ƙarfi.

"Kai jaki, ga duro a gabanka, ina za ka? Allah Ya isa tsakanina da wannan budurwar, tun safe guga ɗaya."

Yana kwance yadda yake. Amma bai ce in fita ba.

Laraba, da hantsi

Inna ta tare ni a tsakar gida. Ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne, sai dai ta ce yayanka.

Ta ce, "Yayanka yana kwance kai kana wasan yara a kansa."

Na ce, "Inna, in na yi masa wa'azi ya ce in fita. In na yi shiru ya ce in fita. Wannan ne kaɗai bai kore ni a kai ba."

Ta kalle ni ta ci gaba da tankaɗe. Ta rame. Ban san yaushe ba.

Alhamis, bayan Azahar

Ya yi magana.

Ina cikin zagi, ƙararrawa tana ta kaɗawa, yara biyu sun faɗi a hanyar kogi, sai na ji daga bayana, murya a dishe, "Ka ba tsohon."

Na yi kamar ban ji ba.

Ya ce, "Da kai nake. Kana da ƙato yana zaune a inuwa yana kallon ruwa, yara suna ta zubewa. Taɓa shi ka ga."

Na taɓa Dattijo. Sai ga wani layi da ban taɓa lura da shi ba, na ƙarfin ɗaukar kaya. Nasa ya fi na kowa tsawo a garin. Ashe tun yaushe Yaya ya juyo yana leƙe ta ƙarƙashin hammatata.

Na ce, "Yaya, gemu fa gare shi. Ka taɓa ganin Baba Jaji da jarka?"

Ya ce, "Na gani. Shekarar da kanal ya ɓalle, shi ya fi kowa ɗiba, kana goye a lokacin. Ba shi."

Na ba shi. Tsohon ya miƙe ya ɗauki guga biyu ya wuce yaran kamar suna tsaye. Na ce kai, ashe munafuki ne. Na ji gado ya ɗan motsa. Ban juya ba, amma ina jin dariya ce ya danne.

Juma'a, bayan masallaci

Bai je ba. Mako na nawa ke nan ban ƙirga ba. A bakin masallaci wani ya tambaye ni ya mai jiki, da irin muryar nan ta masu son ƙarin labari. Na ce yana nan ya fi ka lafiya. Salisu ya ja ni.

Na ga wancan mutumin na bakin get a sahun gaba. Ya yi sallama dama da hagu lafiya lau, ya ɗaga hannuwansa biyu ya yi addu'a.

Asabar, da yamma

Yau mun daɗe. Yana jingine da bango, hannun a cinya kamar wani abu da aka ba shi ajiya, ni ina riƙe da tab, shi yana ba da umarni. Ya ce matsalata ba ta masu ɗiba ba ce, ta tafiya ce. Kowa sai ya sauka har kogi ya hau har tudu, rabin yini a hanya.

Ya ce, "Gina tanki a gindin tudun. Masu ƙarfi su yi kogi zuwa tanki, kada su wuce nan. Yara su yi tanki zuwa gidaje."

Na ce, "Ashe dai yaran za su ɗiba."

Ya ce, "Za su ɗiba daidai ƙafarsu."

Aka gina. Sai ya ce me ya sa suke saukowa hannu banza? Mai sauka ya sauko da itace ya ajiye wa maƙera a hanya. Na duba ƙamus, na samo inda ake haɗa aiki biyu. Sai ya ce in shimfiɗa dutse a hanyar da suka fi bi, don ya lura suna nutsewa a laka kusa da kogi. Wannan ni ban ma gani ba. Shekara da shekaru shi ke raba mana ruwa a layi, ya san inda ruwa ke ɓata lokaci, ko a ƙasa ko a kan mutum.

Aziza ta shigo da kunu ta tsaya. Ta ce, "Malam Suhaibu, yau kai ne ɗan aike?"

Na ce, "Anti, ni ne gwamna. Wannan mai ba da shawara ne, ba a ma biyan sa."

Ya ce, "Gwamnan da ya kashe gari guda."

Ya sha kunun a gabanmu. Da hagu, amma a gabanmu.

Lahadi, da safe

Ƙwallon yana kan taga. Ba ni na ɗora shi ba. Ban tambaya ba.

Litinin, bayan La'asar

Garin ya girma, gidaje sun hau tudu. Gidan ƙarshe can sama wata mata ce da jariri, na sa mata Baraka. Kullum layinta ne yake fara ja. Mun ƙara masu ɗiba, bai canja ba. Sai da muka zauna muka bi yaro ɗaya da ido. Ya ɗebo daga tanki, ya nufi duron da ya fi kusa. An sha kaɗan a ciki, sai ya cika shi. Ya koma, ya ɗebo, kafin ya dawo an sake shan kaɗan a na kusa, ya sake cika shi. Haka dukansu suke yi. Gidajen ƙasa duronsu har zuba yake, na Baraka ƙura.

Yaya ya kalli duron Baraka. Sannan ya ce in kashe, ya gaji.

Na bi ta bayan injin casa. Ta fi inuwa.

Talata, bayan Magariba

Na ɓata komai.

Na gano yadda ake yi. Kowane duro ana iya ɗaga darajarsa, masu ɗiba su fara da shi ko da ya fi nisa. Sai ka danne duron da yatsa ɗaya, sannan wata alama ta fito can ɗaya gefen gilashin, ka ja ta sama da wani yatsan ba tare da ka saki na farko ba. Gilashin yana da faɗi. Hannu ɗaya ba ya kaiwa.

Na nuna masa. Ya ce, "To ɗaga na gidan ƙarshe. A fara da shi a gangaro."

Na ce, "Kai ka ɗaga."

Na miƙa masa. Ya miƙo hagu. Na janye.

Na ce, "Wa ya koya min ba a karɓa da hagu?"

Ya ce, "Suhaibu, ka kiyaye ni."

Da na tsaya a nan da ya isa. Amma bakina ba ya tsayawa inda ya isa. Ina ganin hannun nan a cinyarsa, yatsu a lanƙwashe kamar ƙafar kaza, ina tuna ƙarshen wata, sai wani abu ya taso min. Na ce, "To a bar Baraka. Wa ya ce ta gina can? Wanda ya fi kusa da ruwa shi ya fi haƙƙi."

Wannan ita ce maganar da aka faɗa masa a bakin get kafin a ɗaga shebur. Ina wurin. Kalma ɗaya ban canja ba.

Bai zage ni ba. Da ma ya zage ni. Ya ce, "Fita." A hankali. Ya juya ga bango.

Laraba, da safe

Labule a sake.

Alhamis, da hantsi

Labule a sake. Tuwon jiya ya fito yadda ya shiga. Inna ba ta yi min faɗa ba, ta dai ajiye min nawa a ƙasa ta wuce, ba ta ce ga shi ba.

Albasa ta fara kwanciya, an kusa cira. Na yi ban ruwa na ƙarshe. Baba Jaji ya leƙo daga gonarsa ya ce ya mai jiki, na ce da sauƙi, ya ce, "Kai kuma ya naka jikin?" Na ce ni me ya same ni? Ya ce ba komai, ya ga ina cusa bututu a fangalin da ya riga ya cika.

Juma'a, bayan La'asar

Aziza ta same ni a zaure ina zaune da tab ɗin a kashe.

Ta ce, "Ka gama fushin?"

Na ce, "Ni ke fushi?"

Ta ce, "Duk gidan nan ku biyu ne ke fushi, ni da Inna mu ne ke wanke kwanukan." Ta zauna a kan turmi. "Na fi ka sanin mijina. Ka taɓa ganin an tura shi ya tafi? Ko kasuwa ce, in na ce ya je sai ya zauna. Sai in ce an ce tumatir ya ƙare a Bunkure, sai ka ga ya ɗauki hula zai je ya ƙaryata."

Na ce to me zan yi, in ba shi haƙuri?

Ta ce, "Haƙurinka ma faɗa ne. Matar nan ta kan tudu, tana nan da rai?"

Na ce tana nan, tun ranar ban buɗe ba.

Ta ce, "Gobe za ka kai wa Salisu abinci shago. Ka kunna abin, ka ba ni in kai caji. Ni ban san yadda ake kashe shi ba, ban yi boko ba."

Ta gama sakandare. Ta fi ni Turanci.

Asabar, bayan Azahar

Na kunna na ba ta. Layin Baraka saura kaɗan ya yi ja. Ta shiga da shi, na ji ta ce, "Suhaibu ya bar wannan a caji," ta fito ta tafi gidan maƙwabta da Inna. Ni ma na fita da kwanon Salisu, na kai bakin titi, na kasa. Na dawo na cire takalmi a zaure, na laɓe a gefen labule kamar ɓarawon kaji.

Ƙararrawar ta fara. Ƙil, ƙil, ƙil. Ya ja filo ya rufe kai. Ta ci gaba. Ya kira Aziza, shiru. Ya kira ni, har da sakarai, na ciji leɓe. Sai ya tashi zaune ya jawo tab ɗin ya ɗora a gwiwa. Na ɗauka kashewa zai yi. Ya san maɓallin, yana gefe, yatsa ɗaya ya isa.

Bai kashe ba. Ya danne duron da babban yatsan hagu. Alamar ta fito can dama. Ya gwada miƙa ɗan ƙaramin yatsa, bai kai ba, duron ya kuɓuce. Ya sake. Ya gwada da haɓa, wallahi da haɓa, gilashin ya ƙi. Ƙararrawa tana yi.

Sai ya kalli hannun. Ya daɗe yana kallon sa. Ya ɗago shi daga kafaɗa kamar mai ɗaga buhu, ya ɗora bayan yatsun a kan gilashi, ya tura da gaɓa. Alamar ta motsa kaɗan ta dawo. Gumi yana ɗiga daga hancinsa. Ya sake turawa, yana wani nishi da ban taɓa jin ya yi ba ko ranar da muka ɗauko shi. Ta hau. Ta kai sama.

Na ga yaran tanki sun juya gaba ɗaya sun nufi tudu, sun wuce gidajen ƙasa ko kallo. Ƙararrawar ta yi shiru.

Magana ta zo min har baki, mai daɗi ma, irin wadda za ta sa ya jefe ni da filo. Na haɗiye ta. Na ɗauki takalmina na kai wa Salisu abincinsa a sanyaye. Ya ce me ya sami idonka, na ce hayaƙin janareta.

Lahadi, da yamma

Na shiga ɗaukar tab ɗin kamar ban san komai ba. Ya ce, "Bar shi nan. Kai ba ka iya ba."

Na ce, "Nawa ne fa."

Ya ce, "Na Salisu ne. Zauna ka karanta min wannan, me suka ce?"

Ba wanda ya tayar da maganar Talata. Na karanta masa. Ana iya hana masu ɗiba taɓa duro sai ya sauka rabi. Ya ce a sa wa duk gidajen ƙasa haka, ba za su mutu ba, sun dai saba ganin sa a cike ne. Gida-gida ya bi, kowanne sai an danne an ja. Da gaɓa yake yi. Wajen na ƙarshe na ga manunin ya ɗan buɗe, ya taɓa da gefen farce. Ya ja tsaki don zafi. Ya ci gaba.

Talata, da hantsi

An cire albasa. Ta yi kyau, ba laifi. Na kawo masa manya guda biyu ɗaki, ya juya su da hagu, sannan ya ɗora ɗaya a tafin dama ya gwada rufewa. Ta faɗi. Ya ce ƙanana ne ma, na cika musu ruwa.

Alhamis, bayan Azahar

Yanzu shi ke tashi na. Wai garin yana buƙatar tanki na biyu a bayan tudu, in zo in duba masa kalma. Inna ta ce mun mayar mata da ɗaki majalisa. Amma jiya na ji tana tambayar Aziza ko matar nan mai jariri ta samu ruwa.

Ƙwallon ban san inda yake ba. Aziza ta ce yana ƙarƙashin filonsa, da asuba yake matsawa in ya ɗauka tana barci.

Asabar, da safe

Babban yatsa da manuni sun haɗu. Ya ɗauki ƙwayar gyaɗa. Ya ce kada in faɗa wa kowa, na fita na faɗa wa Inna.

Litinin, bayan Magariba

Mun je asibiti. Matar gashin ƙashi ta lanƙwasa yatsun, ta miƙar, ta sa ya matse mata yatsa. Ta ce uku sun taho. Biyun ƙarshe suna gardama, wataƙila su biyo, wataƙila su tsaya a rabi, ba za ta yi mana alkawari ba. Ta ce me yake yi da hannun haka? Ya ce ɗiban ruwa. Ta ce a'a, kada ya ɗauki nauyi tukuna. Na buɗe baki, ya taka min ƙafa.

Da za mu dawo gida, daga cikin Kura muka hau adaidaita. Da muka zo mararraba na ce wa direba ya bi ta bayan injin casa. Yaya ya ce, "Miƙe."

Na ce, "Can ta fi inuwa."

Ya ce, "Suhaibu, babu bishiya ko ɗaya a bayan injin casa. Miƙe, malam."

Muka miƙe. La'asar ta yi, get a buɗe, ruwa yana ta wucewa yana wannan ƙarar tasa. Ba kowa sai wasu mata can nesa suna wanki. Wurin ya yi min ƙanƙanta. A kaina ya fi haka girma. Ya ce a tsaya, ya sallami mai adaidaita, ya sauka matakalar siminti ya tsuguna ya naɗe hannun riga.

Tun da abin ya faru Aziza ce ke zuba masa ruwan alwala. Ya sa dama a kanal ya kamfato. Kafin ya kai baki duk ya zube ta wajen yatsun nan biyu. Ya sake. Ya zube. Na sauka na tsuguna ta samansa, na haɗa hannuwana na ɗebo zan zuba masa.

Ya ce, "Wa ya aike ka? Kana dagula min ruwa. Koma ƙasa."

Ya karkata hannun, ya matse ukun da suka taho, ya kamfato a hankali. Ɗan kaɗan ne ya kai, amma ya kai. Ya kurkure baki ya zubar gefe.

Na koma ƙasa da shi, na yi tawa alwalar da ruwan da ya wuce ta hannunsa.